Mai Gilashi, Malamar Asibiti da Yayen Ɗiyata

Ni na nemi sakin da bakina, kada wani ya ɗora wa bawan Allah laifi. Direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin tashar Jibiya da Maraɗi, kuma tun da nake ban taɓa ganin mai rowar magana irinsa ba. In na tambaye shi ko miya ta yi daɗi, sai ya gyaɗa kai. In na yi sabon kitso, sai ya duba ya yi murmushi ya nemi makullin mota. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, in ban yi magana ba kaina ciwo yake. Wata safiya na yi ta faɗa, tun daga kan kalanzir har na gangaro kan danginsa, shi yana zaune yana goge takalmi. Haushin shirun nan ya sa na ce in ya haifu ya sake ni. Ya ajiye tsumman, ya nemi biro. A duk zamanmu, ranar ce kaɗai na sa shi abu ya yi nan take.

Haka na dawo gidanmu da keken ɗinkina, da ɗiyata a goye, ba ta fi wata takwas ba. Idda ta zo ta wuce, bai ce ya mayar da ni ba, bai kuma daina zuwa ba. Kowace Lahadi, ranar kasuwa, in ya sauke fasinja sai ya yi sallama a zaure da ledar sabulu da madara, wani lokaci har da cukun da ake sayowa a ƙetare. Ba ya shigowa ciki saboda kunyar Inna, mahaifiyata. Gwaggo, ƙanwar babana da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ita ke ɗaukar yarinyar ta kai mishi. Zai ɗora ta a cinya, ya ba ta makulli tana kaɗawa, awa guda cur. Sannan ya miƙo ta, ya ce a gaida mutan gida, ya tafi. Ni ce mutan gidan, kuma ina bayan labule ina jin sa.

Yarinyar ɗiyar fari ce, a gidanmu kuwa ana kunyar ɗan fari kamar yadda ake kunyar suruki. Ba na faɗin sunanta. Ba na yi mata wasa a gaban mutane. In ta yi kuka ina tsakar gida, sai in ci gaba da taka keke har Gwaggo ta ce in ɗauke ta, sannan in ɗauka ina ɓata rai kamar an sa ni dole. In baƙuwa ta tambayi ko ɗiyar wa ce, sai in nuna Inna da haɓa. Amma in na shiga ɗaki na saki labule, wallahi har tafin ƙafarta nake sumbata. Ba wanda ya san wannan sai ni da ita, ita kuma ba ta fara magana ba.

A shekarar ne aka fara nuna wani shiri mai dogon zango a talabijin, wanda ya hana matan unguwarmu sakat. Muna da sola da tauraron ɗan Adam, don haka a ɗakin Inna ake taruwa ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da ake maimaita shirin. Labarin wasu mata da miji ne da suka rabu, suna da ɗa guda ɗan firamare. Ita ma'aikaciyar jinya ce, muna ce mata malamar asibiti. Shi kuma wani dogo ne mai sanyin hali, muna ce mishi mai gilashi. Mako guda yaron yana wurinta, mako guda yana wurinsa, a ƙofar makaranta suke miƙa wa juna shi. Duk wanda ke da ido ya san suna son juna. Amma duk sati sai mai gilashi ya tsaya jikin motarsa, ya dube ta, ya buɗe baki, sai waya ta yi ƙara ko wani ya yi hon, a saka kiɗa, shiri ya ƙare.

Ɗakin ya rabu biyu. Gwaggo ce shugabar masu cewa ta koma, don a ganinta mutumin da bai taɓa makara wurin ɗaukar ɗansa ba ya gama faɗin abin da ke ransa. Wata maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi, mai sayar da taliya, ita ke jan masu cewa kada ta sake ta koma. Ta ce ita mace ba ta zama da zato, in yana so ya faɗa, in ba ya so ya matsa wani ya faka motarsa a wurin. Sukan yi ta yi har a manta da sautin talabijin, Gwaggo ta miƙe tsaye tana nuna allon da mafici tana ce wa mai gilashi ya yi magana mana, ko an ɗinke mishi baki ne. Inna ba ta cikin kowane ɓangare. Ita abin da ke damunta daban ne. Malamar asibiti tana kiran ɗanta na fari da sunansa gatsal, ta rungume shi a bakin titi, ta gyara mishi kwala a gaban jama'a. Duk lokacin da ta yi haka sai Inna ta ja tsaki ta ce duniya ta zo ƙarshe.

Ni kaɗai ce ba na cewa komai. Ni da aka sani da baki, in an fara gardama sai in duƙufa kan kalmasa bakin zane. Na san rabin maganar da ake yi wa mai gilashi da mutumin da ke zaure ake, don a daidai lokacin yake zuwa. Na kuma san duk wadda ta ce malamar asibiti ta cika zafin kai, sai ta saci kallona ta wutsiyar ido. Abin da ba su sani ba shi ne, ni ba mai gilashi nake kallo ba. Hannun matar nake kallo a kan kafaɗar ɗanta, ina jin kishi har cikin haƙorana.

Ashe shirin ya ƙetare iyaka. Mahaifiyar tsohon mijina, wadda kowa a gidanmu ya koma kira Kaka tun haihuwar yarinyar, tana wani ƙauye ne bayan an wuce Ɗan Isa, inda ba wuta ba talabijin. Ɗanta yakan biya shagon masu turi a tasha, a zuba mishi shirin makon a waya, ya kai mata. In ta kalla, sai ta sa ya danna mata wurin ɗaukar murya ta faɗi ra'ayinta, ta ce a kai wa Gwaggo. Shi kuma bawan Allah haka zai miƙo wayar tare da ledar sabulu, bai san me ke ciki ba, ko kuma ya sani ya yi shiru yadda ya saba. Gwaggo ta kunna a tsakiyar ɗaki, muryar tsohuwa ta fito da ƙarfi kamar tana kiran awaki:

"Wanga mai gilashi, da ɗana ne da na hwasa gilashin. Namiji ya tsaya bakin mato shina haɗiyar miyau! Ku hwaɗa ma malamar likita ina bayanta."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har mai taliya tana share hawaye. Zauren ba shi da nisa, na tabbata ya ji. Na leƙa ta gefen labule na gan shi ya sunkuyar da kai yana gyara wa yarinyar ɗankunne, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Tun daga ranar, saƙon Kaka ya zama wani shirin na biyu. In an gama kallo ba mai tashi sai an ji me ta ce a kan na makon jiya, ita kuma kullum a baya take da sati guda, tana faɗa a kan abin da mu mun riga mun huce.

Haka muka ci fiye da shekara. Yarinyar ta fara tafiya, ta fara cewa Gwaggo da Inna, ni kuma tana kirana da abin da ta ji yaran maƙwabta na kirana, wato Anti. Sai wata Lahadi, bayan Kaka ta gama wanke mai gilashi tas, muryarta ta sauya. Ta ce jikarta ta kusa shekara biyu, lokacin yaye ya yi. Lahadi mai zuwa za ta zo da kanta ta ɗauke ta.

Kowa a ɗakin ya san ma'anar wannan. Kaka ce ke yaye, haka ake yi, a kai yaro wurinta ya manta da nono. In aure na nan, bayan kwana bakwai ko goma a dawo da shi. In aure ya mutu, ba mai dawo da shi, ya shiga dangin ubansa ke nan. Kuma ba unguwa za a kai ta ba, wata ƙasa ce, ko da yake motar awa guda ce. Matan suka yi ta cewa Allah ya raya, Allah ya sa a yaye lafiya. Da suka watse, Inna ta kira ni ta ce in ɗinka wa yarinyar riguna uku da zanen goyo sabo, kada a ce mun sallame ta da tsumma. Ta kuma ja mini kunne, ta ce ta san bakina. Ranar da za a zo, ko tari kada in yi. Uwar ɗan fari ba ta da ta cewa a irin wannan wuri, in ta yi kuka ma abin gori ne har jikoki.

Na ɗinka rigunan. Ta farko sai da na farke ta sau biyu, don na haɗa hannu a wuya. Ban taɓa jin tsoro irin na makon nan ba. In na goya ta sai in ji nauyinta ya yi mini daɗi, in ƙi sauke ta har bayana ya ƙage. Na yi tunanin in aika wa ubanta, sai na tuna wanda zan aika wa. Na yi tunanin in gudu da ita Daddara wurin wata ƙawata, sai na ga ranar kasuwa ɗaya ta isa a gano ni. Na zuba kayanta a jaka ranar Asabar, na zauna a kan jakar.

Kaka ta iso da azahar a gaban motar ɗanta, 'yar tsohuwa ƙarama mai ƙarfin murya, da ƙullin gero da man shanu a kwalba. Aka yi gaisuwa, aka ci tuwo, aka yi la'asar. Ɗan nata yana zaure yana jira, don yana so su ƙetare da sauran rana. Amma Kaka ta ce ba inda za ta sai ta ga mai gilashi a babbar tele, ta gaji da ganinsa ɗan mitsitsi a waya kamar ƙuda. Aka shimfiɗa mata darduma a gaba. Mata suka cika ɗaki fiye da kullum, don kowa na son ganin mai muryar. Jakar yarinyar tana bakin ƙofa. Ni ina can lungu kusa da keke.

A shirin ranar, an yi wa mai gilashi canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, danginsa suka ce ya tafi da yaron. Malamar asibiti ta zo ƙofar makaranta da kayan aiki a jikinta, ta riƙe hannun ɗanta gam, ta ce ba za ta ba da shi ba. Ta ce kuma yau sai ya faɗa mata matsayinta a wurinsa. Mai gilashi ya cire gilashin, abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe baki. Aka saka kiɗa.

Ɗaki ya kaure. Gwaggo ta jefi talabijin da mafici. Mai taliya ta ce ai ta faɗa, mutumin nan sai ya tsufar da su duka. Wata ta ce yaro na uba ne, shari'a ma ta sani, wata ta ce a nuna mata uban da ya taɓa kwana tsaye da zazzaɓin ɗa. Inna ta ce ita dai ba ta ga abin yabo ba a wurin macen da za ta tsaya a titi tana jayayya a kan ɗan fari. Sai Kaka ta ɗauke ido daga talabijin. Ta juyo a hankali ta nemo ni a lungu.

"Ke ɗiyata, kowa ya hwaɗi nashi, ke kin yi shiru. Mi kika gani?"

Na yi niyyar in ce shirin ya yi kyau. Wallahi abin da na shirya ke nan. Amma da na buɗe baki, sunan yarinyar ne ya fito, cikakke, yadda aka raɗa mata ranar suna. Tana zaune a cinyar Gwaggo tana cin cuku. Ta waigo tana neman mai kiran, ta ga ni ce, ta sauko ta tako tsakanin ƙafafun mata har inda nake. Na ɗauke ta na manna a ƙirjina, a gaban uwata, a gaban surukata, a gaban matan unguwa goma sha wani abu.

"Ku yi mini afuwa," na ce. "Ba na so a tafi da ita. Na san ba a faɗa, amma ba zan iya ba."

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Ba ka jin komai sai tallan sabulun wanki a talabijin, har Gwaggo ta miƙa hannu ta kashe. Na jira faɗa. Na jira a ce na zubar da mutuncin gida.

Kaka ta daɗe tana kallona. Sannan ta nuna wajen zaure da baki, ta ce wancan da ke zaune a can shi ma ɗan fari ne. Ranar yayensa uwar mijinta ta zo ta ɗauke shi a kan jaki, ita tana daka, ko kai ba ta ɗaga ba, aka yi ta yabon kunyarta. Ta ce ba ta sake kwana ɗaki ɗaya da shi ba sai da ya shekara tara, kuma da ya dawo bai san me zai ce mata ba, ita ma ba ta san me za ta ce mishi ba. Ta ce yabon da aka yi mata bai taɓa ɗumama mata baya ba ko sau ɗaya. Ta faɗi wannan ba kuka ba, tana gyara ɗaurin kallabi.

"An ce kaka ka yaye," in ji ta. "Ba a ce sai a wace ƙasa ba. A ba ni tabarma ɗakin Gwaggo."

Ta ɗaga muryar nan tata ta kiran awaki ta ce wa ɗanta ya tafi shi kaɗai, gobe ya taho mata da zannuwanta da carbinta, ya kuma ce wa maƙwabta su duba mata kaji. Daga zaure muka ji ya ce to. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, mai taliya ta kama, ɗakin ya rikice da dariya da hawaye. Ni dai ina riƙe da yarinyar, cukun da ke hannunta duk ya shafe mini wuya.

A gidanmu aka yi yayen. Malam ya yi rubutu aka wanke aka ba ta, Inna ta dafa shinkafa da wake aka raba sadaka, duk da ta kwana uku ba ta yi mini magana ba sai da ido. Yarinyar ta koma ɗakin Gwaggo wurin Kaka. Ta yi rigima kwana biyu, ni ina ɓuya bayan rumbu da ƙirji kamar duwatsu, ina jin Kaka tana lallashinta da kunun gyaɗa da waƙoƙin ƙauyensu. A rana ta uku ta shanye kofi guda ta nemi ƙari. A rana ta biyar ta gan ni a tsakar gida, ta zo ta jingina da ƙafata tana cin ƙosai, ba ta ko nemi rigata ba. Na ji haushin saurin mantuwarta, na kuma ji daɗin da ban san inda zan sa shi ba.

Unguwa kuwa ta samu sabon shiri. Masu kawo ɗinki suka ƙaru, kowa na son ganin wadda ta kira sunan ɗiyar fari a gaban suruka. Wasu suka ce talabijin ce ta lalata ni. Wasu suka ce da ma can ba ni da ta ido. Wata amarya ta kawo zane, ta jira Inna ta fita, ta raɗa mini cewa ita ma a ɗaki haka take yi da nata. Kaka ta ce duk mai magana a turo mata ita.

Ta ƙara Lahadi guda don ta ga ko mai gilashi zai yi magana. Bai yi ba, an nuna shi yana tuƙi yana tunani har shiri ya ƙare. Washegari da hantsi muka yi mata rakiya zuwa Magama, bakin iyaka, a motar ɗanta, ni da Gwaggo da yarinyar a kujerar baya. Ban taɓa shiga motar ba tun ranar da na bar gidansa. Mun wuce gonakin gero, mun fara hango layin manyan motoci, sai na ga yana kallona ta madubi. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Kawuna zai zo wurin Babanki ranar Juma'a," ya ce. "In kin yarda."

Na ce ya zo mu ji. Kaka ta kai mishi duka a kafaɗa ta ce ashe bakin na aiki. Sai da na ja mishi rai wata biyar kafin a sake ɗaura aure, don shirun fiye da shekara ba a biyansa da jimla biyu. Amma a motar ban ma tsaya tunanin wannan ba, hankalina yana kan shingen da ke gabanmu.

A bakin shingen muka tsaya, inda mu za mu sauka mu hau keke mai ƙafa uku mu koma gari. 'Yan dako na ta kai da kawo, masu canji na kiran sefa da naira, wata mata na tallan fura. Kaka ta karɓi yarinyar ta tofa mata addu'a a ka, ta miƙo mini ita ta taga. Wani jami'i mai kaki ya zo ya leƙa motar yana duba masu ƙetarewa. Ya dubi tsohuwar, ya dubi yarinyar, ya dube ni, ya tambaya ko ɗiyar wa ce, kuma da ita za a wuce ne. Gwaggo ta buɗe baki za ta amsa mini, yadda manya ke yi. Na riga ta.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Ni na haife ta. Gida za mu koma."

Jami'in ya ɗaga sandar shingen, motar ta wuce. Na juya yarinyar baya na goya ta, na ja zanen na ɗaure sosai, tana ɗaga wa kakarta hannu ta saman kafaɗata.